Ta ina za a fara rubuta tarihin intanet a arewacin Kamaru?

Usmanu (Marwa)

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina shirin rubuta kundin digiri na biyu a sashen tarihi, kuma batun da na zaɓa shi ne yadda intanet ya shigo rayuwar mutanen Garwa, Marwa da Ngaundere, da abin da ya canja a harkar ciniki, zumunci da neman ilimi. Abin da na tarar a rubuce kusan duk tarihin kamfanoni ne da hukumomi: an haɗa Kamaru da intanet a 1997, an kafa Camtel a 1998, MTN ta shigo a 2000, wayar ƙarƙashin teku ta SAT-3 ta fara aiki ta Duwala a 2002, Nexttel ta kawo 3G a 2014, sannan MTN da Orange suka samu nasu izinin a 2015. Duk wannan gaskiya ne, amma babu abin da ya gaya mini lokacin da ɗan kasuwar Marwa ya fara aika wa abokin cinikinsa hoton atamfa maimakon ya hau mota ya kai masa samfur. Ina roƙon shawararku: ta wace hanya ɗalibin tarihi zai kama abin da ba a ajiye shi a ofishin kowa ba?

Malam Hamadu (Garwa)

Wa alaikumus salam, ɗana Usmanu. Allah ya yi wa karatu albarka. Na koyar da tarihi a lise, wato makarantar sakandare, har na yi ritaya, saboda haka bari in fara da kare waɗannan shekarun da ka lissafa, domin na ji alamar ka raina su. Su ne turakun da za ka ɗaure labarin baka a jikinsu, in ba haka ba ya tsinke ya bi gari. Mutum zai rantse maka cewa yana kallon bidiyo a wayarsa tun 2008 a Gider, kuma ba ƙarya yake nufi ba, shekarun ne suka cakuɗe masa. Kai da ka san lokacin da 3G ta iso ƙasar, sai ka sake tambayarsa ko daga intanet yake kallo ko wani ne ya zuba masa a katin ajiya na waya, wato memori.

Hanyar da nake ba ka shawara ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Marigayi Eldridge Mohammadou, masanin tarihin da ya rasu a 2004, ya bi fadojin lamiɓe, wato sarakunan Fulani, yana naɗar maganar tsofaffi a kaset, ya rubuta tarihin Garwa, na Marwa da Pette, da na Rai Buba, yana gwada ruwayar wannan gida da ta wancan, yana kuma duba su da takardun Jamusawa da Faransawa. Jan Vansina, masanin tarihi ɗan Beljiyam, ya shimfiɗa ƙa'idojin wannan aiki tun 1961. Mu kuwa da muka zauna gaban malaman hadisi mun riga mun san tambayar: wa ya faɗa maka, shi kuma daga wa ya ji, kuma sun yi zamani ɗaya? Kada ka tambayi mutum shekara, domin zai ba ka lamba don ya faranta maka. Ka tambaye shi ko kafin rasuwar ɗan ƙwallon Kamaru Marc-Vivien Foe ne a 2003 ko bayanta, ko kafin mutanen Injamena su tsallako Kuseri a yaƙin Fabrairun 2008, ko kafin ambaliyar 2012. Waɗannan ba a mance su.

Alhaji Sani (Garwa)

Allah ya gafarta Malam, ka yi gaskiya. Usmanu, ni na riƙe siba, wato shagon shiga intanet, a Garwa tun ana biyan kuɗi da awa har zuwa lokacin da sana'ar ta mutu a hannunmu, kuma littattafan shagon suna nan a cikin akwatin ƙarfe. Manyan littattafai ne masu baƙin bango, kowane shafi an ja masa layi da biro: lambar kwamfuta, lokacin shiga, lokacin fita, abin da aka biya, da wani ɗan gurbi a gefe na masu bashi. Wanda ya iya karanta su zai ga abubuwa da yawa. Zai ga shafukan da suka cika maƙil a makon da ake fitar da sakamakon jarrabawar shiga aikin gwamnati da lokacin cike takardar cacar bizar Amurka. Zai ga ranakun da yaron shago ya rubuta kalma ɗaya tal a tsakiyar shafi don babu wuta, kuma yawancinsu a watannin zafi ne, lokacin da ruwa yake ja baya a madatsar Lagdo, wadda tun 1982 arewa take dogaro da ita wajen samun wutar lantarki. A Maris da Afrilu kwamfutocin kan kashe kansu da tsakar rana saboda zafi, sai mu buɗe murfinsu mu juya musu fanka.

Abin da littafin bai rubuta ba, shi ne zan gaya maka da baki. Da yawa daga cikin waɗanda suka amfana da shagona ba su taɓa ɗora hannu a kan kwamfuta ba. Alhajin da ke sayo kaya daga Dubai zai zo ya zauna a benci, ya ciro wata takarda a ninke daga aljihun babbar riga, wadda aka rubuta masa adireshinsa na Yahoo da lambar sirri, ya miƙa wa yaron shago. Yaron ya buɗe, ya karanta masa, ya fassara, Alhaji ya faɗi amsa da Hausa ko Fulatanci, yaron ya mayar da ita Faransanci ko Turanci. Aikin da masu rubuta wasiƙa suke yi a ƙofar gidan waya ke nan, sai dai ya canja wurin zama. Idan ka ƙirga masu amfani da intanet da yawan waɗanda suka iya latsawa, ka zubar da waɗannan mutane, alhali su ne suka fi kowa juya kuɗi ta hanyarsa. Ka nemi yaran shagon, yanzu magidanta ne, sun san sirrin rabin kasuwa.

Malama Hadiza (Ngaundere)

Ina gaida Malam da Alhaji da girmamawa, amma ina da ja a kan inda ake son a sa farkon labarin. Idan aka fara daga siba, tarihin maza za a rubuta, mazan ma 'yan boko da manyan 'yan kasuwa. A nan Ngaundere siba ta ɗaliban jami'a ce a Dang da ma'aikata a cikin gari. Matar aure a unguwarmu ba ta shiga can, budurwar da aka gani tana yawan shiga kuwa sai an yi da ita. Mahaifiyata ba ta san akwai wani abu mai suna imel ba har ta tsufa, amma yau ba ta kwana ba ta saurari muryar ƙanwarta da ke zaune a Makka ba. A wurinta da ire-irenta, intanet ya fara ne ranar da aka iya danna waya a yi magana a saki. WhatsApp ya kawo saƙon murya a 2013, waya mai araha da 3G suka biyo baya, sai ga wadda ba ta karanta boko ba ta zama mai cin gashin kanta, ba ta bukatar ɗa ko miji ya karanta mata sirrinta.

Wannan ma yana da asali, ƙanena Usmanu, kuma asalin ba kwamfuta ba ce. Tun muna yara ana naɗar gaisuwa a kaset, a tara 'yan gida kowa ya yi magana, a ba alhazai ko direbobi su kai wa dangi a Sudan ko Saudiyya, amsa ta dawo bayan watanni. Tsarin maganar bai canja ba: sallama, gaida kowa da sunansa, labarin haihuwa da rasuwa, sannan a zo kan bukata. Ka saurari saƙon muryar wata tsohuwa yau, ka samo tsohon kaset ka saurara, za ka ji abu ɗaya. Sannan ka dubi adashin mata da ya koma zaurukan WhatsApp, da masu sayar da turaren wuta da dilka da atamfa daga cikin ɗaki, waɗanda ba su da rumfa, ba su cikin rajistar kowa. Rubutun kansa shaida ne: 'yarmu ta nan tana rubuta Hausa da ƙa'idar Faransanci, ƙawarta ta Yola tana rubutawa da ta Najeriya, kuma ana iya bin yadda ta Kano take rinjayar yaranmu shekara bayan shekara.

Malam Hamadu (Garwa)

Malama, maganar kaset ta ƙara mini ilimi, kuma na yarda cewa labarin da babu mata a cikinsa rabi ne. Sai dai ina tsoron abu biyu. Idan muka ce kaset ma yana ciki, katin waya yana ciki, rediyo yana ciki, to yaron nan tarihin sadarwa baki ɗaya zai rubuta, ba zai gama ba. Dole a yi wa bincike iyaka. Abu na biyu ya fi damuna: saƙon murya da aka tura daga waya zuwa waya ba shi da isnadi. Ba ka san wanda ya fara naɗa ba, ba ka san ranar ba, ranar da ke jikinsa ta isowarsa ce kawai. Littafin Alhaji yana da kwanan wata a kowane shafi, an rubuta shi ne don lissafin kuɗi, ba don a burge mai bincike ba, shi ya sa na fi amincewa da shi.

Abakar (Kuseri)

Baba Malam, a yi mini afuwa in sa baki a maganar manya. Ni gyaran waya nake yi, kuma kafin nan na yi shekaru ina zuba wa mutane abubuwa a katin waya a bakin kasuwa. Ina ganin kati ba a wajen intanet yake ba, ƙarshen igiyarsa ne. Mutum ɗaya yake saukar da wa'azi ko fim ɗin Kano ko ƙira'a cikin dare, lokacin da layi ya fi sauƙi, da safe mu kwafa daga wurinsa, mu zuba wa masu zuwa daga ƙauyukan Logone da Shari, su kuma su raba ta Bluetooth, daga baya ta manhajar Xender, a wuraren da ko sandar rezo, wato sabis na waya, ɗaya babu. Makiyayin da ke sauraren tafsirin da aka yi a Kaduna makon jiya, intanet ne ya kawo masa, ko da bai taɓa sayen data ba. Isnadin ma ana iya binsa wani lokaci, domin masu zubawa da yawa suna sa sunan shagonsu da lambarsu a jikin fayil ko a farkon bidiyo don talla. Na sha buɗe katin wani in ga alamar shagon Maiduguri, a kanta ta wani na Mubi, a kanta kuma tawa.

Akwai kuma abin da ba za a gane shi daga Yawunde ba. Daga Maris 2018 zuwa Yulin 2019 an toshe kafofin sada zumunta a Chadi, wata 16 cur. A nan Kuseri mun ga abin da idonmu: mutane suna tsallako gadar Ngeli daga Injamena, su yi cefane, su zauna a benci su buɗe saƙonnin da suka taru, su amsa, su koma. Wasu sun sayi layin Kamaru suna neman rezo daga bakin kogi, matasa kuma suka koyi sa VPN, manhajar kauce wa toshewar, mu ne muke sa musu. A aljihun teburina akwai matattun wayoyi masu layi biyu da masu su ba su dawo karɓa ba. Wanda ya san abin da yake nema zai karanta zamani a jikinsu, daga Nokia mai tocila zuwa ƙananan wayoyin China masu ƙarar rediyo, zuwa Tecno da Itel.

Malam Isa (Injamena)

Na gode wa Abakar, domin ya taɓo abin da nake so in ja hankalin Usmanu a kai. Idan ka ɗauki iyakar ƙasa ta zama iyakar bincikenka, za ka yanke labarin a tsakiya. Wayar fiba da ta bi bututun man Doba zuwa Kribi, bututun da ya fara aiki a 2003, tana cikin hanyoyin da suka haɗa Chadi da teku, saboda haka abin da ya sami layi a Kamaru mu ma yana iso mu. Wayoyi da kayan gyaransu da finafinai kuwa ta Najeriya suka daɗe suna shigowa. Mai binciken Garwa dole ya san Yola da Mubi, mai binciken Kuseri dole ya san Injamena da Maiduguri. Ga kuma wata dabarar gane shekara da za ta ƙaru a kan ta Malam Hamadu: a nan mutane suna tuna zamani da sunan kamfani. Celtel ta koma Zain a 2008, ta koma Airtel a 2010, Tigo kuma Maroc Telecom ta saye ta a 2019 kafin ta zama Moov Africa. Wanda ya ce maka da katin Zain ya fara shiga Facebook, ya ba ka shekara cikin tazarar da ba ta kai uku ba.

Game da abin da ke kan intanet ɗin kansa, kada ka sa rai da yawa. Rumbun Internet Archive yana ajiye shafuka tun 1996, kuma za ka sami tsofaffin shafukan jaridu da ma'aikatu a can, amma hirar talaka ba ta ciki. A farkon shekarun 2000 marubuta da masu nazarin finafinan Hausa sun yi muhawarori masu zurfi a zaurukan Yahoo, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Kano yana cikin jagororinsu, sai ga kamfanin ya rufe zaurukan gaba ɗaya a Disambar 2020, abin da ya tsira shi ne abin da wani ya kwafa ya adana. Shafin Skyblog, inda samarinmu masu Faransanci suka zuba hotuna da waƙoƙinsu, an rufe shi a Agustan 2023, kuma babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa ne ya kwashe abin da ya kwashe. Wato ɗan Marwa da ke neman abin da yayansa ya rubuta a 2007, a Faransa zai nema. Wannan yana ci mini rai ƙwarai, kuma shi ya sa nake ganin aikin tattarawa ya fi aikin rubutawa gaggawa.

Abu na ƙarshe shi ne tsoro, kuma ba wasa ba ne. Tun da aka kafa dokar yaƙi da ta'addanci a Kamaru a Disambar 2014, abin da ke cikin wayar mutum yana iya kai shi gaban kotun soja. An kama Ahmed Abba, wakilin sashen Hausa na RFI, a Marwa a Yulin 2015, aka yanke masa shekara 10 a Afrilun 2017, sai a Disambar shekarar ya fito bayan ɗaukaka ƙara. A 2017 ɗin aka katse intanet a yankunan Kamaru biyu masu Turanci fiye da wata uku. Mutanen Mora da Kolofata da Fotokol sun san duk wannan, da yawa sun goge wayoyinsu da hannunsu kafin su isa shingen bincike. Idan wani ya yi shiru a gabanka, ka rubuta cewa ya yi shiru da kuma a kan wace tambaya, kada ka matsa masa.

Usmanu (Marwa)

Allah ya saka da alheri, na sami fiye da abin da na roƙa. Yaya Hadiza, ga inda na tsaya: zauren WhatsApp na danginmu yana nan tun da aka buɗe shi, da saƙonnin biki da rasuwa da neman taimako, har da rigimar gado. Babu shaidar da ta fi shi kusa da ni, amma mutanen da ke ciki ba don kundi suka yi magana ba, wasu ma sun rasu. Ya halatta in yi amfani da shi? Sannan ta yaya namiji kamata zai shiga gidajen aure ya yi hira da mata a kan abin da ke cikin wayarsu?

Malama Hadiza (Ngaundere)

Zauren dangi amana ne, ƙanena. Ka sanar da su da bakinka, ka bar wanda ya ƙi, ka canja sunaye da garuruwa, rigimar gadon kuma ka bar ta inda take ko da an ba ka izini, domin wanda ya yarda yau yana iya yin nadama ranar da ɗansa ya karanta. Abin da kake bukata daga ciki ba sirrin kowa ba ne: wa ya buɗe zauren, wa aka ba shugabanci, yaushe tsofaffi suka shigo, da wane harshe ake sanar da rasuwa, da wane ake raha, yaushe aka daina aika yaro gida gida da goron gayyata aka koma tura kati. Gidajen aure kuwa ba kai za ka shiga ba. Ka nemi ɗaliba 'yar'uwarka ku yi aikin tare, sunanta ya fito a kundin, kuma ta fara da mai kitso da uwar adashi, su ne suka san wadda ta fara riƙe babbar waya a unguwa da abin da aka ce a kanta. Kada ta ce a ba ta wayar ta duba. Ta bar mai wayar ta riƙe abarta, ta nuna abin da ta ga dama, tana bayani.

Malam, game da isnadi, saƙon da ya yi yawo a duniya na yarda ba shi da uba. Amma saƙon da ƙanwa ta aiko wa yayarta kai tsaye yana da mai shi, yana da rana da sa'a, ya ma fi ruwayar tsohon da ke tuna abin da kakansa ya faɗa. Ina nan a kan bakana cewa babin farko na mata ne da kaset.

Malam Hamadu (Garwa)

Wannan bambanci tsakanin saƙon da aka turo da wanda aka aiko kai tsaye daidai ne, Malama, kuma ya kamata Usmanu ya rubuta shi a babin hanyar bincike. A kan babin farko dai ba mu haɗu ba, ni ina ganin kaset shimfiɗa ce, labarin kansa daga siba yake farawa. Usmanu, ka kai wa malamin da ke duba aikinka ra'ayoyin biyu. Shawarata ita ce ka rage faɗin gonar: gari uku sun yi wa kundi ɗaya yawa. Ka ɗauki Garwa kaɗai, ko ma layi ɗaya na kasuwa da unguwa ɗaya kamar Hausari, ka bi su daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa yau, rumfa rumfa, gida gida. Kowace magana ka nemi mutum biyu da ba su zauna tare ba su tabbatar maka. Kuma ka fara da mafi tsufa da marasa lafiya.

Alhaji Sani (Garwa)

Idan ka zo hutu ka iso shago bayan la'asar, yanzu hoton takardu da buga rubutu muke yi a wurin. Zan fito maka da littattafan ka ɗauki hotonsu shafi shafi a gabana, amma ba za su fita daga shagon ba, kuma gurbin masu bashi za mu rufe shi da takarda, domin wasunsu yau manyan mutane ne a garin nan. Littafi ɗaya gara ta ci gefensa, ka zo da wanda ya iya buɗe tsohuwar takarda ba tare da ta yage ba. Biyu daga cikin yaran da suka yi mini aiki suna nan Garwa, na uku yana Ngaundere, zan tambaye su tukuna ko sun yarda in haɗa ku.